Kundin Kakana

Washegarin sadakar bakwai ta kakana, Allah ya jiƙansa, baffana ya sauko da wata tsohuwar gafaka daga maratayi, ya kwance igiyar fatar da ta ɗaure ta, ya ce mu matso. Kundin Malam ne, wato kakan nawa. Warwarorin takardu ne marasa ɗinki, wasu sun yi ja, wasu gara ta ɗan lashi gefensu. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, kuma ban taɓa tuna Malam zaune a zaure ba tare da gafakar nan a gefen buzunsa ba.

Haka malaman ƙasar Hausa suka gada. Duk inda mutum ya je yawon karatu ko fatauci, kurtun tawada da alƙalami na cikin kayansa. Ya ji fa'ida a bakin wani malami, sai ya rubuta nan take. Ya ga maganin da ya yi wa wani aiki, ya ƙara a ƙasa. Alƙalamin na gamba ne ko kara, a fiƙe da aska, a tsaga bakinsa. Tawadar allo da zuge da ƙaro ake haɗa ta don ta wanku. Ta takarda kuwa, wadda ake so ta daɗe, da bagaruwa ake dafa ta.

Takardar ce mai wuya. A wancan zamani ba a yin ta a ƙasar nan, daga Italiya take zuwa, ta sauka a Tarabulus, raƙuma su keto Sahara da ita har kasuwar Kurmi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuma ambaci irin wannan takarda mai tambarin jinjirin wata uku cikin hajar da ake shigowa da ita. Baffa ya ɗaga wata warƙa daga ƙasan kundin, wadda Malam ya gada daga mahaifinsa, ya kara ta da hasken rana, sai ga watannin uku a jere. Abin da ya yi irin wannan tafiya ba a ɓata shi. Shi ya sa rubutun ke tsuke, ya cika shafi, ya zagaya gefe, har ya juyo da kai ƙasa.

Da boko ya zo, musamman bayan makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a 1909, sai fensir da littafin rubutu suka fara yaɗuwa, daga baya biro ya biyo. Malam ya karɓi biro, amma ajaminsa bai sake shi ba.

Abin da ya fi kama zuciyata shafukan harkar yau da kullum ne. Ranar haihuwar kowane ɗa da jika, da sunan wanda ya raɗa masa suna. Ranar da ruwan farko ya sauka. Wani layi guda na rasuwar Sarki Alhaji, Abdullahi Bayero, a 1953. A nan na ga ranar haihuwar mahaifina, wadda shi kansa bai riƙe daidai ba.

Sai shafin bashi. Duk wanda aka biya an ja masa layi, tun daga zamanin fam da sule har bayan canjin kuɗi na 1973. Guda ɗaya ne ya rage babu layi, kuɗin ƙwaryar goro biyu da Malam ya karɓa a hannun wani aboki, ya rubuta da hannunsa mai rawa watanni kaɗan kafin ciwon ajali. Babu wanda ya san da shi a gidan, mai kuɗin ma bai zo ya tambaya ba. Baffa ya ce ba za a taɓa gado ba sai an sauke wannan. Da la'asar ya riƙe hannuna muka tafi wurin abokin. Tsohon ya karɓi takardar, ya daɗe yana duban rubutun, sannan ya ce: "Malam ƙarami, ai na yafe tun ranar da na ji rasuwarsa." Baffa ya ajiye kuɗin a kan tabarma duk da haka, ya zaro biro daga aljihu, ya ja layin.