Daga Azara Zuwa Kwano: Yadda Muka Gina Wa Kanmu Tanda, Muke Biyan Kuɗin Sanyaya Ta



Ranar Asabar na leƙa wajen ƙanina da ke da shagon magani a saman bene, a wata filaza a nan Kano. Ƙarfe biyu na rana, esi yana ta ruri, amma shi da yaronsa gumi suke yi. Ya ɗauko takardar kuɗin wuta ya miƙo min, ya ce, "Yaya, duba nan. Wallahi yanzu wuta nake yi wa aiki. Kuma ba ni da damar kashewa, magani ba ya son zafi." Na hau kujera na taɓa silin. Kamar na taɓa murfin tukunya. Silin roba ne siriri, daga shi sai kwano, babu komai a tsakani.

Mu yi lissafi. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana cin wajen yunit 1.2 a awa idan injinsa bai huta ba. Awa goma yunit 12 kenan. A farashin Naira 225 da hukumar NERC ta yanka wa 'yan Band A a watan Afrilun 2024, ka kashe Naira 2,700 a rana, wajen Naira 70,000 a kwana 26 na kasuwa. Esi ɗaya tal. Ba a zo maganar firiji da fetur ɗin janareto ba. Kafin wannan ƙarin, yunit ɗin bai kai Naira 70 ba.

Kullum muna maganar tsadar wuta da cire tallafin fetur na 29 ga Mayun 2023, kuma da gaskiyarmu. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: ya aka yi gine-ginen kasuwancinmu suka zama ba sa zaunuwa sai da na'ura? Ai ba haka muka taso ba. Abin yana da tarihi.

Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15. Shekaru ɗaruruwa ana ciniki a garin nan, fatake na sauka a gidajen fatoma, ana ajiye fata da tufafi da gishiri, babu fanka ko ɗaya. Zafin watan Afrilu kuwa bai taɓa fashi ba. Maginanmu da ƙasa suka yi maganinsa. Bango na tubali ne mai kauri, ƙasansa ya fi samansa faɗi. Rufi na azara ne, wato itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana ko asabari a kai, a zuba ƙasa mai kauri, a shafe da laso ko makuba don kada ruwa ya ratsa, a saka indararo. Tagogi ƙanana, kuma can sama. Lunguna matsattsu, gidan wannan yana yi wa na wancan inuwa.

Hikimar ita ce: ƙasa mai kauri tana jinkirta zafi. Rana ta doki bango tun hantsi, amma kafin zafin ya ratsa zuwa ciki an yi sa'o'i, la'asar ta yi ko ma magariba. Dare ya yi, iska ta yi sanyi, bangon ya fitar da abin da ya sha, gobe a sake sabon lale. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon zaure da azahar ya san wannan sanyin. Wanda bai sani ba ya je Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ya tsaya minti biyar.

Kuma kada a ce wannan fasaha ta ƙananan ɗakuna ce kawai. Azara ba ta da tsawon da za ta ɗauki faffaɗan rufi, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, kuma masana gini daga ƙasashen waje sun sha zuwa kallon rufinsa.

To me ya sauya? Jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta fara tafiya kudu, kaya suka fara hawowa arewa, cikinsu har da kwano da siminti. Kamfanonin Turawa da kwarori suka gina kantuna da sito-sito da rufin kwano a wajen ganuwa. Nan fa kwano ya zama alamar arziki. In an ce wane ya yi gidan kwano, an gama yabonsa.

Kuma a yi adalci, iyayenmu ba wawaye ba ne da suka rungumi kwano. Ginin ƙasa yana da wahalarsa. Kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina. In aka yi sakaci soro ya jiƙe, yana iya rufto wa mutane cikin dare, kuma an sha yin asarar rayuka ta haka. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Kwano kuwa ka buga yau, ka manta da shi shekara ashirin. Matsalar ita ce kwano ya tare ruwa amma ya buɗe wa zafi ƙofa. Ƙarfe ne siriri, a tsakar rana yana iya haura digiri 60, kuma nan take yake sauke zafin a kan wanda ke ƙarƙashinsa.

Su kansu Turawan mulkin mallaka sun gane haka. Dubi tsofaffin ofisoshi da gidajen da suka bari a Nasarawa ko Kaduna: rufi can sama, silin mai tsayi, baranda ta zagaye ginin don kada rana ta taɓa bango, tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa, ga itatuwan maina da maɗaci. A shekarun 1950, masu zanen gini irin su Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana Jami'ar Ibadan, sun mai da wannan ilimi na musamman, yadda za a yi ginin zamani a ƙasa mai zafi ba tare da dogaro da na'ura ba. Wato har zuwa samun 'yancin kai, mai gini yana tunanin rana kafin ya aza tubali.

Inda muka rabu da hanya shi ne 1973. A watan Oktoban shekarar, ƙasashen Larabawa suka hana Amurka da wasu ƙawayen Isra'ila mai, farashin ganga ya tashi daga wajen Dala 3 zuwa kusan Dala 12 cikin 'yan watanni. Ƙasashen da ke sayen mai suka ji a jikinsu, suka koma suka duba gine-ginensu. Faransa ta kafa dokar hana zafi zurarewa daga gini a 1974. Amurka ta fito da ma'aunin tsimin makamashi a gini a 1975. Jamus ta Yamma ta bi a 1977. Za ka ce ai waɗannan ƙasashen sanyi ne. To Singafo fa? Ƙasa ce mai zafi shekara zagaye, kuma a 1979 ta ƙayyade yawan zafin da aka yarda ya ratsa bango da gilashin manyan gine-ginen kasuwanci masu na'urar sanyaya ɗaki.

Mu kuwa mu ne masu sayar da man. Abin da ya zame musu darasi, mu ya zame mana biki. Kuɗi suka shigo, aka biya ma'aikata Udoji, aka yi odar siminti har jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cincirindo a tashar Legas a 1975 suna jiran sauke kaya. NEPA ta gwamnati, wuta da arha, fetur da tallafi. Wa zai tsaya tunanin baranda? Esi ya zama abin ado, kamar yadda kwano ya zama a zamanin kakanni. Bulon siminti mai rami, inci shida ko tara, ya maye gurbin tubali. Daga baya kuma aka shigo da yayin gilashi: a ɗauko hoton gini daga Dubai ko Landan, a dasa shi a Kano yana fuskantar yamma, rana tana dukansa daga azahar har magariba. Su can Dubai gilashin mai ruɓi biyu ne da aka yi don tare zafi. Namu na ado ne kawai.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na yi shekaru a wani ofishi a hawa na ƙarshe. Duk shekara sai mun rubuta takardar neman gyaran esi ko sayen sabo. Ban taɓa ganin wanda ya rubuta takardar neman a duba rufin ba, har da ni. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da zai ba ka mamaki, dokar tana nan. A 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus, ta ƙaddamar da kundin ƙa'idojin tsimin makamashi a gine-gine. A ciki an yi maganar saka abin tare zafi a rufi, da rage girman tagogi ko yi musu inuwa, da irin fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki da suka dace. Amma izinin gini a hannun jihohi yake. Ku da kuka gina shago ko filaza a 'yan shekarun nan, ku faɗa min tsakani da Allah: da kuka kai zane a sa hannu, akwai wanda ya tambaye ku me za ku saka a ƙarƙashin kwano?

To mene ne shi wannan abin tare zafin? Kowa yana da shi a gidansa. Kular abinci ce. Fasa tsohuwar kula za ka ga soso tsakanin robar waje da ta ciki. Shi ke sa tuwo ya kwana da ɗumi, ƙanƙara ta wuni ba ta narke ba. Abin da ake yi wa gini kenan: a shimfiɗa audugar gilashi ko soso na musamman a saman silin, ko a manna takardar alminiyom a ƙarƙashin kwano tare da barin sarari tsakaninsu, domin in babu sararin ba ta aiki. A gini mai hawa ɗaya ko hawa na ƙarshe, rufi ne babbar ƙofar zafi, don haka daga nan ake farawa. Sai launi: farin rufi yana mayar da hasken rana, baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu da ake yayi yanzu shanye shi yake yi. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutane sama da dubu, shafa wa rufi farin fenti na cikin matakan da hukuma ta ɗauka. Sai huda iska tsakanin kwano da silin don zafi ya samu mafita. Sai rumfa a kan tagogin gabas da yamma, da bishiya in akwai fili. Sai toshe kafofin ƙofa a ɗakin da ke da esi, don sanyaya ɗaki mai kafofi zuba ruwa ne a kwando.

Gargaɗi biyu. Na farko, wasu nau'ikan soson suna cin wuta sosai kuma hayaƙinsu guba ne. Mu da muka ga gobarar Kasuwar Sabon Gari a 2016 ba ma buƙatar dogon bayani. A Landan ma, kayan da aka lulluɓe benen Grenfell da su ne suka ruruta gobarar 2017 da ta ci mutum 72. A nemi wanda ba ya kama wuta, a gyara wayoyi kafin a rufe silin. Na biyu, shagon da ba shi da esi, in ka lulluɓe shi ka rufe ruf, zafin da ya shiga ba zai fita ba. Dole a bar hanyar da iskar dare za ta ratsa, kamar yadda magabata suka yi.

Ba cewa nake a rushe filaza a koma soro ba. Amma maƙwabtanmu sun nuna ana iya haɗa biyun. Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makaranta a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama ya bar sarari tsakaninsa da silin don iska ta wuce. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gini. A Nijar, Mariam Issoufou Kamara tana gini da matsattsen bulon ƙasa, kamar masallaci da ɗakin karatu na garin Dandaji. A Harare kuma akwai cibiyar kasuwanci ta Eastgate, tun 1996 take amfani da iskar dare wajen sanyaya ofisoshi da shagunanta.

Babban cikas a wajenmu shi ne mai gini daban, mai biyan kuɗin wuta daban. Alhaji ya gina shaguna hamsin, burinsa ya gama da wuri ya karɓi haya. Me zai sa ya ƙara kuɗi a abin da ba a gani? Ɗan haya kuma yana tsoron ya kashe kuɗi a rufin wani, baɗi a ce ya tashi. Nan ne aikin hukuma da ƙungiyoyin 'yan kasuwa yake: a sa shi cikin sharuɗɗan izinin gina duk wata sabuwar filaza, gwamnati ta fara da nata ofisoshi da asibitoci da makarantu, kuma masu neman shago su fara tambayar abin da ke saman silin kamar yadda suke tambayar mita da banɗaki.

Shi ƙanin nawa yana shirin cin bashi ya ƙara sola. Na ce masa, "Kafin ka sayi faranti ko ɗaya, je ka sami mai filazar ku yi magana a kan rufin, ko da a cire kuɗin daga haya ne. In ɗakin ya daina shan zafi, solar da za ka buƙata ma ba za ta kai wadda kake lissafi ba." Ya ce zai gwada. In sun daidaita zan dawo in ba ku labari.

Injiniyoyi da masu zanen gini da ke nan, in na yi kuskure a gyara min. Allah Ya kawo mana sauƙin rayuwa, Ya sa albarka a kasuwanninmu.