Muhammadu Bello Kagara, Marubucin Ganɗoki

Muhammadu Bello Kagara (1890–1971) malami ne, alƙali, kuma marubuci. An fi saninsa da Ganɗoki, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka buga da boko, littafin da ya gauraya tarihin zuwan Turawa da labarin aljannu.

Rayuwarsa

An haife shi a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, Abubakar Imam kuwa ƙanensa ne. Bello yana ɗan shekara goma sha ɗaya sojojin Gwamna Lugga suka ci Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fice daga garin. Wannan rikici da Bello ya taso a cikinsa shi ya zama jarin alƙalaminsa daga baya.

Bayan karatun allo da na littattafai, ya shiga makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. Ya daɗe yana koyar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina, sannan ya koma aikin shari'a, har aka naɗa shi Walin Katsina. Shi ne kuma ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

Ganɗoki

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙaga labari. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ganɗoki, da Ruwan Bagaja, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Biyu daga ciki, Ganɗoki da Ruwan Bagaja, na 'yan gida ɗaya ne, Bello da ƙanensa Abubakar Imam.

Ganɗoki barde ne, shi yake ba da labarin kansa da bakinsa, cike da kirari da cika baki. Kashin farko na labarin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihi: faɗuwar Kwantagora, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, da yaƙin Burmi na 1903, inda takobi da mashi suka gamu da bindiga mai ruwa. Daga nan sai labarin ya bar ƙasar da aka sani. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nufi Makka, suka faɗa duniyar aljannu, inda babu igwa babu harsashi, ƙarfin damtse da addu'a ke raba gardama. Nasarar da ta gagari barde a gida, a can ya same ta. Da ya komo, sai ya tarar mulkin Turawa ya zauna daram, zamani ya juya.

Matsayinsa a adabi

Masu nazari suna karanta littafin ta fuska biyu. Waɗansu na ganin ƙarshensa sallamawa ce ga sabon zamani, tun da hukumar Turawa ce ta buga shi don 'yan makaranta. Waɗansu kuwa na cewa Bello ya yi dabara: shekara talatin kacal bayan Burmi, ya sa yaran makarantun Turawan suna karanta yabon mazajen da suka ja daga da su.