Su Wa Suka Yi Wa 'Yan Rawa Zuga?

Yau daga Ƙofar Mazugal nake magana, unguwar da na tashi, kusa da Dutsen Dala. Dattawa suna cewa sunan ƙofar daga zuga ya samo asali, saboda maƙeran da suka zauna a nan suna narka tama. To ai ka san idan lauje ya yi kyau maƙeri ake yabo, ba mai tambayar wanda ya wuni a kan zuga-zugi. Irin waɗannan mutanen nake son mu tuna yau, amma a fagen rawa.

Mu fara da Turai. Rawar bale, wadda mata ke yi a kan tsinin yatsun ƙafa, ba ta taɓa rayuwa da kuɗin tikiti kaɗai ba. Sarkin Faransa Louis na 14 ne ya kafa mata makaranta a 1661. A 1909 wani Barashe, Sergei Diaghilev, ya kawo ƙungiyarsa ta Ballets Russes birnin Paris, kuma kullum cikin neman taimakon masu hali yake. A 1920 Coco Chanel, fitacciyar mai tsara tufafi, ta ba shi kuɗin sake ɗora wani babban wasa. Da ya rasu a 1929, ƙungiyar ta watse. Amma har gobe an san waɗanda suka taimaka, domin can ana rubuta sunayensu a takardar shiri, wani lokaci ma a jikin bango.

A Afirka ta Yamma gwamnati ce ta zama uwar gida. Keita Fodeba ya kafa Les Ballets Africains a Paris, bayan Gini ta samu 'yanci a 1958 ta zama ƙungiyar ƙasa. Shi kuwa Fodeba, a 1969 gwamnatin Sekou Toure ta kama shi, bai fito da rai ba. Dogaro da hannu ɗaya yana da haɗari.

Mu dawo gida. Rawar Koroso da muke alfahari da ita ta tashi ne a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975. Daga baya Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ta ci gaba da riƙon ƙungiyar. Wannan ɓangaren yana cikin takardun gwamnati. To ƙananan ƙungiyoyin unguwanni fa?

Ina yaro akwai wata ƙungiyar samari da ke koyon Koroso a wani kango kusa da gidanmu. Wata gwaggo ce ke ɗinka musu kaya, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Wani direba ke kai su biki a motarsa, man ma daga aljihunsa. Wani mai shago ya yi shekaru yana biyan kuɗin fatar ganga. Wallahi yau duk sun rasu, kuma samarin, da yanzu suka zama dattawa, da ƙyar suka haɗa min labarin.

Me ya sa haka? Mawaƙi yana biyan ubangidansa da suna. Shata ya rasu tun 1999, amma har yanzu muna jin sunan Sarkin Daura Muhammadu Bashar a bakinsa. Ɗan rawa kuwa da ƙafa yake magana, ƙafa kuma ba ta kiran suna. Ana tashi daga fili, shi ke nan.

Don haka ga roƙona. Idan akwai tsohon ɗan rawa ko makaɗi a unguwarku, je ka gaishe shi da wayarka a hannu. Tambaye shi wa ya saya musu ganga ta farko, wa ya ba su wurin atisaye, wa ya ciyar da su. Naɗi muryarsa, ka rubuta, ka ba iyalan waɗannan mutanen kwafi. Kada ka bari sai gobe, dattawan nan tafiya suke yi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.