CIWON 'YA MACE NA 'YA MACE NE: TSARABATA DAGA KUMAGAYA

Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma wanda ya dawo daga tafiya ba ya shiga gida hannu rabbana. To ga tawa tsarabar: tarihin wani gari ne a ƙasar Japan, da na wata baiwar Allah 'yar garin wadda har yau in na tuna ta sai na ji jikina ya yi sanyi.

A farkon watan Yuli na shekarar 2024 matar ƙanena ta haihu, haihuwar fari. Shi can yake zaune yana sayen kayan gyaran motoci na hannu yana aikowa gida. Yarinyar marainiya ce, Hajiyarmu kuma ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, sai aka ce ni in je in zauna da mai jego har ta yi arba'in. Haka kawai na tsinci kaina a wani gari wai shi Kumagaya, a jihar Saitama, arewa da birnin Tokyo. A jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya tafiyar kamar minti 40 ce. Garin madaidaici ne, mutanensa ba su cika dubu 200 ba.

Abin da ya fara yi min maraba shi ne zafi. Ke 'yar uwa, ni da na taso a Kano na ɗauka babu zafin da zai ba ni tsoro, ashe da sauran kallo. Namu busasshe ne, nasu kuwa mai danshi, kamar an rufe ki a madambaci. Ranar 23 ga Yuli 2018 an auna zafin garin ya kai 41.1 a ma'auni, wanda a lokacin ba a taɓa samun irinsa a duk faɗin Japan ba, sai daga baya wasu garuruwan suka kamo shi har suka wuce. Na ce da mai jego, “Ƙanwata, ke kam ba sai an hura miki wuta a ƙarƙashin gado ba, garin ma ya ishe ki.”

A tsakiyar wannan zafin suke yin babban bikinsu na shekara, daga 20 zuwa 22 ga Yuli. Sunansa Uchiwa Matsuri, wato bikin mafici. Ƙanena ya matsa min sai na je na ga ni, na saka hijabina muka tsaya bakin titi. Manya-manyan amalanken katako ne guda 12, wasu masu bene, an yi musu sassaƙa da ado an rataya musu fitilu, jama'a na jan su da igiya. A kai samari da 'yan mata suna dukan ganguna da wasu ƙarafuna kamar faranti. In dare ya yi sai amalanken su haɗu a mararraba su fuskanci juna, kowace unguwa tana so kiɗanta ya danne na 'yar uwarta. Wallahi har cikin ƙirjina nake jin dukan. Bikin yana da alaƙa da wurin bautarsu da ake kira Yasaka, don haka ni kallo kawai na yi daga gefe, kowa da addininsa.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Da na tambayi asalin abin, sai na ji ashe tsoron cuta ne ya haife shi. Tun shekarar 1750 mutanen garin suka haɗa ƙananan bukukuwansu suka mai da shi guda, suna neman tsari daga annobar da kan zo da zafi. Daga baya 'yan kasuwa suka riƙa dafa shinkafa da jan wake suna ciyar da masu ciniki a kwanakin bikin, saboda a camfinsu jan abinci yana korar cuta. Wajen farkon ƙarni na 20 sai wani mai gidan abinci ya ga wahalar girkin ta yi yawa, ya fara raba mafitai maimakon shinkafa. Mutane suka ji daɗi, sauran 'yan kasuwa suka bi sahu, sunan ya bi bikin har yau. Ni ma na dawo da guda uku a jakata.

Abu na biyu da garin yake taƙama da shi shi ne wasan zari-ruga, wannan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a yi ta kokawa. Tun 1991 suka buɗe filin wasan, kuma a 2019 da Japan ta karɓi baƙuncin gasar kofin duniya, wasa uku aka buga a nan, ciki har da na Ajantina da Amurka. Har ƙungiyar mata gare su. Wasa ba fannina ba ne, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Wani abin da na lura da shi, tsakiyar garin ba ka cika ganin tsofaffin gidaje ba. Ashe a daren 14 ga Agusta 1945 jiragen yaƙin Amurka suka yi wa garin ruwan bama-baman wuta. Kusan kashi biyu cikin uku na birnin ya ƙone, mutum 266 suka mutu, da yawansu a wani ɗan rafi mai suna Hoshikawa inda suka gudu neman tsira. Washegari da tsakar rana sarkin Japan ya yi shela a rediyo cewa yaƙi ya ƙare. Allah sarki, tsakaninsu da tsira bai fi rabin yini ba. Duk ranar 16 ga Agusta sukan saki fitilun takarda a kan ruwan don tunawa da su, na kuwa gani da idona kafin in taho.

Duk wannan shimfiɗa ce. Ga ainihin tsarabar.

Ranar da muka kai mai jego asibiti a duba ta, tun a mota take kama hannuna. “Yaya, don Allah ki sa baki ya ce musu mace nake so ta duba ni. In namiji ne ni dai gara mu koma gida.” Ƙanena ya yi musu bayani da yarensu, ba gardama aka haɗa ta da likita mace. Da muka fito ina ta godiya ga Allah, sai ya yi dariya ya ce, “Yaya, ai a garin nan ne bai kamata a rasa likita mace ba. Ta farko a ƙasar nan 'yar nan ce.” Ranar hutunsa ya ɗauke ni zuwa wani ƙauye, Tawarase, a gaɓar kogin Tone, wanda aka haɗe yankinsu da Kumagaya a 2005. Can aka gina ɗan gidan tarihi saboda ita. Yana karantawa yana fassara min, ni kuma ina rubutawa a bayan ambulan.

Sunanta Ogino Ginko, an haife ta a 1851, 'yar gidan mai gari ce, masu rufin asiri. Ba ta kai shekara 20 ba aka aurar da ita ga ɗan mai garin wani ƙauye na kusa, auren da kowa zai ce ta dace. Ba a jima ba ta kwanta ciwo. Mijin ne ya kwaso ciwon sanyi a waje ya shafa mata. A 1870 auren ya mutu, ta dawo gidan ubanta bazawara, ga ciwo ga surutun mutane. A wancan zamanin babu allurar fanisilin, babu wani magani mai kashe cutar nan take. Aka kai ta asibiti a Tokyo, ta yi kusan shekara biyu tana jinya.

Likitocin asibitin kaf maza ne. Ku duba fa, yarinya mai kunya, ciwon kuma a inda yake, kullum sai ta kwanta maza baƙi sun duba tsiraicinta. Wannan ya fi mata ciwon zafi. Ta lura kuma ba ita kaɗai ba ce, mata da yawa sun gwammace su zauna a ɗaki ciwo ya cinye su da su je gaban namiji. Nan ta ƙudura a ranta cewa in ta tashi, ita za ta zama likitar da ta nema ta rasa.

Faɗa da baki ya fi aiki sauƙi. A 1873 ta koma Tokyo neman ilimi. A 1875 ta shiga makarantar horar da malamai mata, ta fito a 1879 ita ce ta ɗaya. Wani babban likitan soja, Ishiguro Tadanori, ya tsaya mata aka ɗauke ta a wata makarantar likitanci mai zaman kanta, Kojuin, inda ɗaliban maza ne. Ba irin tsangwama da izgilin da ba su yi mata ba. Tana karatu tana bi gida-gida koyar da 'ya'yan masu kuɗi don ta biya kuɗin makaranta, ga ciwon yana taso mata lokaci-lokaci. A 1882 ta gama.

Sai kuma aka ce ba za ta zauna jarrabawar gwamnati ta samun lasisi ba. Dalili? Ita mace ce, kuma ba a taɓa yi ba. Ta rubuta takarda aka mayar, ta sake rubutawa aka mayar. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka ɓullo wa lamarin. Da taimakon tsohon malaminta Inoue Yorikuni aka tono wani littafin sharhin dokokin ƙasar na ƙarni na 9, Ryo no Gige, aka nuna wa hukuma inda aka ambaci mata masu aikin magani a fada. Wato abin da kuke cewa baƙo ne, kakanninku sun san shi. Wannan hujja da goyon bayan wasu manya suka sa a 1884 aka buɗe wa mata ƙofa. Ta ci zagayen farko a shekarar, ta ci na biyu a watan Maris 1885. Tana da shekara 34 ta zama mace ta farko a Japan da ta samu lasisin likita ta hanyar jarrabawar gwamnati. Shekara 15 ke nan daga ranar da ta dawo gida da sakinta.

Ta buɗe asibitinta a unguwar Yushima a Tokyo, mata suka yi ta tururuwa. Daga baya ta karɓi addinin Kirista, a 1890 ta auri wani saurayi da ta girme wa da fiye da shekara goma duk da surutun jama'a, ta bi shi tsibirin Hokkaido mai dusar ƙanƙara, ta yi aikin likita a wani ɗan gari, Setana. Ya rasu a 1905, ta dawo Tokyo a 1908, ta rasu a 1913 tana da shekara 62. Ba ta tara dukiya ba. Amma ƙofar da ta buɗe ba a sake rufe ta ba, ta cikinta likitar da ta duba mai jegonmu ta shigo.

A hanyar dawowa na yi shiru, har ƙanena ya ce, “Yaya lafiya?” Wata maƙwabciyata na tuna, ƙawata ta ƙut da ƙut. Shekara huɗu tana fama da ciwon mara da ƙaiƙayi da fitar ruwa. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta yi tsugunno, ta sayi kowane ƙulli da dillaliya ta shigo da shi. In na ce mu je asibiti sai ta ce, “Ke, in je in buɗe wa wani ƙato jikina? Kuma in ce masa me?” Da ciwo ya kayar da ita aka ɗauke ta ranga-ranga, sai likita ya ce cutar ta daɗe har ta toshe mata hanyar haihuwa. Maigidan da ya kawo mata cutar shi ne ya fara cewa ba ta haihuwa, ya ƙaro aure. Ita Ginko a zamaninta maganin ne babu. Ƙawata kuwa maganin yana nan cikin gari, kunya da rashin wadda za ta faɗa wa suka tsaya tsakaninta da shi.

Don haka 'yan uwa ina da roƙo biyu. Na farko, kunya ado ce ga 'ya mace, amma ba a yin ta da ciwo. In kin ga alamar da ba ki gane ba, ki je asibiti tun da wuri. Ki nemi likita mace ko ungozoma, in babu ki tafi da 'yar uwarki ta tsaya a kanki a duba ki, lalura ce. In kuma an ce ciwon sanyi ne irin wanda ake ɗauka wajen kwanciya, to ku biyu za ku sha magani, ke da maigida, in ba haka ba kina warkewa zai sake mayar miki.

Na biyu, ga iyaye mata. Kullum muna kukan babu likitoci mata, amma yarinya na kaiwa aji uku na sakandare mu ne kan gaba wajen cewa ta isa haka. To daga ina likitar za ta fito, daga sama? In an ce miki ba al'adarmu ba ce, ke ma kina da tsohon littafin da za ki buɗe. A Madina, zamanin Manzon Allah (SAW), Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallaci inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Ni da na tsaya a sakandare na san abin da ya wuce ni, ba na so ya wuce 'yata. Ke kuma bazawara da kike ganin taki ta ƙare, ki tuna Ginko da takardar saki a hannu ta fara.

Mafitan nan uku, na ba Hajiya ɗaya, na ba ƙawar tawa ɗaya, na ukun yana rataye a ɗakin 'yata kusa da jakar makarantarta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana mazajenmu, Ya raya mana zuri'a bisa ilimi mai amfani, amin. Kuskuren da ke ciki nawa ne, a yafe ni.

Taku har kullum.