NB-IoT: Fasahar sadarwa mai tsimin batir ga ƙananan na'urori

NB-IoT fasaha ce ta sadarwar salula da aka tsara domin na'urorin da ke aika taƙaitaccen bayani lokaci-lokaci, irin su mitar ruwa, mitar wutar lantarki, fitilun titi da ma'aunin damshin ƙasa a gona. Ƙungiyar 3GPP, wadda ke tsara ƙa'idojin sadarwar salula a duniya, ce ta kammala ƙa'idojinta a shekarar 2016.

Fasahar na aiki ne da turakun 4G da kamfanoni suka riga suka kafa, kuma siririn zango na kilohaz 180 kawai take buƙata. Saboda haka kayan haɗa na'urar ba su da yawa, farashinta kuma yana da rahusa.

Tsimin batirin ya samo asali ne daga yadda na'urar ke kashe sashen sadarwarta na tsawon sa'o'i ko kwanaki, ta farka ta tura saƙo, sannan ta sake yin shiru. Da wannan tsari ake son batir guda ya kai shekara 10. Takan kuma maimaita saƙo sau da dama domin ya isa turke ko da tana ƙarƙashin ƙasa ko bayan katanga mai kauri.

Sai dai ba ta ɗaukar kiran murya ko bidiyo, kuma ɗorewarta na hannun kamfanonin sadarwa. Yayin da ta yaɗu sosai a ƙasar Sin, kamfanin NTT Docomo na Japan ya rufe nasa layin a shekarar 2020.