Raunin Muhimman Cibiyoyin Hidima Gaban Ambaliya, Guguwa da Gobarar Daji a Kudancin Katsina: Nazari a kan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba halin da asibitoci, makarantu, hanyoyi da turakun sadarwa suke ciki a ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa na kudancin Jihar Katsina, ta fuskar ambaliya, iskar farkon damina da gobarar daji. Matsayar maƙalar ita ce, galibin raunin cibiya a wannan yanki yana wajen katangarta, wato cikin hanya, wuta, sadarwa da ma'aikatan da hidimarta ta rataya a kansu, kuma rashin tsaro ya cinye madadin da ake da shi a da. Don haka ma'aunin da ya dace shi ne tsawon lokacin da hidima take yankewa da yawan mutanen da yankewar ta shafa.

Gabatarwa

Yarjejeniyar Sendai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita a 2015 don ta yi aiki zuwa 2030, ta sanya rage lalacewar muhimman gine-gine da katsewar hidimomin yau da kullum cikin manufofinta bakwai, ta kuma ambaci cibiyoyin lafiya da na ilimi da sunansu. Hikimar haɗa lalacewa da katsewa wuri guda ta fito fili a tsibirin Fwato Riko bayan mahaukaciyar guguwar Mariya ta 2017. Da farko hukuma ta ƙirga mamata 64. Da masu bincike na Jami'ar George Washington suka bi adadin mace-mace na watannin da suka biyo baya, sai suka kai ƙiyasin zuwa 2,975. Akasarin waɗannan mutane bayan iska ta lafa suka rasu, a lokacin da babu wuta, babu hanya, asibitoci kuma suna aiki rabi da rabi. Yankin da ake nazari a kansa ba shi da teku, guguwar teku ba ta isowa gare shi, amma darasin ya shafe shi kai tsaye.

Yankin da siffarsa

Ƙananan hukumomin uku suna ɗauke da mutane fiye da rabin miliyan tun a ƙidayar 2006. Suna iyaka da Jihar Zamfara ta yamma, Sabuwa kuma tana jingine da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ƙasa ce mai tudu da duwatsu, a cikinta da kewayenta koguna suke farowa: Gulbin Sakkwato kansa daga wajajen Funtuwa ya taso. Ruwan sama yana kai wa kimanin milimita 1,000 a shekara, fiye da abin da arewacin jihar yake samu, kuma mafi yawansa yana sauka tsakanin Yuli da Satumba. Hanyoyin kwalta da suka ɗaure yankin ba su da yawa. Akwai babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau da ta ratsa Sheme da 'Yankara, akwai wadda ta haɗa Ƙanƙara da Sheme, sai waɗanda suke fitar da Ƙanƙara zuwa Dutsin-Ma da Malumfashi. Sabuwa kuwa ta Ɗandume take kaiwa Funtuwa. Abin da ya rage hanyoyin burji ne da turbobin babur, masu tsallaka rafuka da fadamu.

Ruwa

Wannan siffa ita ke bayyana irin ambaliyar da ake yi a nan. Babu babban kogi da zai yi ta cika a hankali har mutane su sami kwana biyu na kwashe kaya. Ruwa ne da yake zuba a kan dutse da ƙasar da aka sare itatuwanta, ya taru cikin ƙorama a sa'a ɗaya ko biyu, ya wuce kafin gari ya waye. Abin da ya faru a Jibiya cikin Yulin 2018, inda ruwan dare guda ya halaka fiye da mutum 40, irin wannan ne. Akwai kuma hujjar kimiyya cewa irin wannan ruwa yana ƙaruwa: binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Binciken ya fi karkata ga ƙasashen da suke arewa da mu, sai dai irin hadarin ɗaya ne, wanda yake tasowa daga gabas ya nausa yamma da iska a gabansa.

Ya kamata a dubi yadda kwalbati take mutuwa, domin a nan maganar take. Ruwan farko yana zuwa ɗauke da karan dawa, leda, rassa da yashi, ya cushe bakin kwalbatin. Da ya rasa mafita sai ya taru ya haura kan hanya, ya fara cin cikon ƙasar da ke bayan sumuntin gefe. Cikin dare ɗaya cikon ya tafi. Da safe kwalbatin tana tsaye ƙalau a tsakiyar kwari, amma hagu da dama rami ne. Babur yana iya bi ta gona idan ruwa ya janye. Motar da za ta ɗauki mai naƙudar da jini ya ɓalle mata ba ta iyawa. A wannan rana asibitin gari bai jiƙe ba, likita yana nan, jini yana cikin firji, duk da haka ga mutanen hayin rafi asibitin ya rufe. Duk rahoton ɓarna da ya ƙirga gine-gine kawai zai rubuta cewa ɓangaren lafiya bai yi asara ba, alhali an yi asarar da ta fi ta bulo da kwano.

Wannan ba ya nufin ginin kansa ya tsira. Ɓallewar madatsar Alau a 10 ga Satumba 2024 ta shigar da ruwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta kayar da katangar gidan yari har fursunoni sama da 270 suka tsere. Madatsar Mairuwa da ke ƙasar Faskari, wadda Funtuwa take sha daga gare ta, ba ta kai Alau girma ba, amma duk madatsar da aka yi da ƙasa tana buƙatar a riƙa duba mafitar rararta da yashin da ya taru a cikinta kafin kowace damina.

Iska da wuta

Iskar Mayu da Yuni ita ce ta fi yi wa makarantu da ƙananan asibitoci illa, kuma dalilin sananne ne ga kowane kafinta. Ƙarfin da iska take dannawa da shi yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu. Dogon ajin firamare mai faffaɗan rufi, wanda aka ɗora katakonsa a kan bulo ba tare da an ɗaure shi da ƙarfe cikin gini ba, gara kuma ta riga ta ci gindin katakon, jira kawai yake. Iska ta shiga ta tagar da ba ta da murfi, ta ɗaga kwano daga ciki, ƙusa ta zare, rufin ya tashi gaba ɗaya. Ruwan da ke biye da iskar ya gama da silin da littattafai. Idan ɗakin shan magani ne, har da rajistar masu awo da farantan sola da ke kan rufin, kuma da zarar firji ya tsaya, allurar rigakafin da ake so ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 ta fara lalacewa. Tun da makaranta ce wurin da ake tsugunar da waɗanda ambaliya ko hari ya kora, rufin da ya tashi a Yuni mafaka ce aka rasa a Agusta.

Gobarar daji lokacinta hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da ciyawa ta bushe, masu farauta da masu sharar gona suke cinna wuta. Ba ta cika cin ginin sumunti ba. Abin da take ci shi ne falwayar katako, wayoyin da suka bi daji, bututun roba na rijiyar burtsatse, da amfanin gona da aka tara ba a kai gida ba. Illarta ga cibiyoyi ta bayan fage ce, kuma daga cikin ukun ita ce mafi arhar karewa: share ciyawa kewaye da taransifoma da turken sadarwa kafin kaka ta wuce.

Abin da shekarar 2021 ta nuna

Hujja mafi ƙarfi a kan raunin yankin ba daga yanayi ta zo ba. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar daƙile matsalar tsaro, wadda ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta umarce su su bi ta Funtuwa, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, ba a maido ba sai a Disamba. Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci a kan dacewar matakan. Abin lura shi ne, sun nuna a aikace abin da ke biyo bayan yankewar hanya ɗaya da sadarwa: tafiyar da take miƙe ta koma zagaye, man janareta da a jarka ake kai shi ya yi wuya, kiran mota ko ma'aikacin jinya ya koma aiken ƙafa. Ruwan dare ɗaya a watan Agusta yana iya haifar da irin wannan yanayi, bambancin kawai babu sanarwa kafinsa.

Amsa ga masu ja

Za a ce a ƙasar da aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, har aka sako 344 bayan kwana shida, maganar kwalbati da kwano ɓata lokaci ce. Wannan suka tana da nauyi, kuma babu mai musun cewa bindiga ta fi ruwa kisa a yankin. Amma raba matsalolin biyu kuskure ne, domin kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta kaifi. A da, idan gada ta karye akan zagaya ta daji. Yau dajin da za a zagaya ta cikinsa shi ake gudu, mai jinya ya zama gaba kura baya sayaki. Ƙauyukan da suka watse sun tara jama'arsu a manyan garuruwa, sabbin zuwa kuma sukan sami fili ne a bakin kwari, inda 'yan gari suka ƙi ginawa saboda sun san halinsa. Ɗan kwangilar da zai gyara abin da ya lalace yana jin tsoron shiga, gyaran mako biyu ya kai rani. Jami'an tsaron kansu, har da rundunar sa-kai ta jiha da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar a Oktoban 2023, a kan waɗannan kwalbatoci suke bi idan an kira su. Wanda ya damu da tsaro tilas ya damu da mashigin ruwa.

Suka ta biyu ita ce, hasashen da hukumar kula da yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna ta NIHSA suke fitarwa kowace shekara ya wadatar. Hasashen yana da amfani, sai dai a matakin jiha da ƙaramar hukuma yake magana. Yana iya cewa za a yi ruwa mai yawa a Faskari, ba zai faɗi wane mashigi ne zai yanke mazaɓa guda daga asibiti ba. Wannan sani yana wurin direbobin tasha, 'yan acaɓa, ungozomomi da masu unguwanni, kuma har yanzu a baki yake yawo.

Ta uku ita ce kuɗi. Aikin da ake magana a kai bai kai tsadar sabon gini ɗaya ba. Taswirorin shirin GRID3 sun riga sun nuna inda cibiyoyin lafiya da matsugunai suke a faɗin Nijeriya. Abin da ya rage shi ne a ɗora musu mashigan ruwa, a tambayi kowace cibiya abu huɗu: hanya nawa ake isowa gare ta, daga ina wutarta da ruwanta suke, yaya rufinta yake ɗaure, kuma mutum nawa ne ba su da wata idan ta tsaya. Sassan nazarin ƙasa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna da ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa, masu iya shiga inda baƙo ba zai shiga ba. Ga gyara kuma akwai ƙofar shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disamban 2021 don jihohin Arewa, kuma zaizayar ƙasa da kula da magudanan ruwa suna cikin aikinsa.

Idan aka jera cibiyoyi bisa wannan ma'auni, jerin zai saɓa wa yadda aka saba kasafta kuɗi. Ƙaramar kwalbati da mazaɓa guda take bi za ta iya shiga gaban sabuwar katangar sakatariya, ɗaure rufin aji shida ya riga fenti. Kiran da wannan maƙala take yi ga Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jihar Katsina da shugabannin ƙananan hukumomin uku shi ne su yi wannan ƙidaya da rani, tare da hakimai da dagatai, a yashe bakin kwalbatoci a ɗaure rufuna cikin Afrilu, kafin hadarin farko ya haɗo daga gabas.