Gudun mulki ko tsaurara doka: Daga Gwandu zuwa tsohuwar ƙasar Sin

A shekarar 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar zuwa aikin hajji, saboda takaicin yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu abokan gwagwarmayarsa.

Amma da ya isa Kano, jama'ar garin suka roƙe shi ya tsaya. A nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, littafin da ya zayyana ƙa'idojin mulki da shari'a, kafin ya koma gida, inda daga baya ya jagoranci yammacin daular daga Gwandu.

Tambayar da ta ci masa tuwo a ƙwarya, wato ko mai hankali ya nisanci mulki ko ya ɗaure shi da doka, ita ce ta raba kan masanan ƙasar Sin tun kafin haihuwar Annabi Isa, a zamanin da masarautunsu ke yaƙar juna.

Masu bin tafarkin Dao, wanda ake dangantawa da Laozi, suna ganin yawan dokoki ne ke haifar da ɓarayi. A wurinsu sarki nagari shi ne wanda talakawa ba su cika jin motsinsa ba. An ce Zhuangzi ma ƙin karɓar muƙami ya yi daga sarkin Chu.

Su kuwa masu ra'ayin doka ba su yarda da halin ɗan Adam ba. Shang Yang, wanda ya sauya tsarin masarautar Qin, ya kasa gidaje biyar-biyar da goma-goma, laifin mutum ɗaya ya shafi maƙwabtansa. Han Fei ya ce lada da horo ne kaɗai linzamin da ke hannun sarki.

Tsarin ya yi aiki, domin Qin ta haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin miladiyya. Sai dai daular ta rushe cikin shekaru 15, kuma shi kansa Han Fei a kurkukun Qin ya mutu.

Bambancinsu da malamin Gwandu a fili yake. A wurin Han Fei, doka makami ce a hannun sarki. A wurin Malam Abdullahi kuwa, shari'a tana hawa kan sarki kamar yadda take hawa kan talaka, kuma ya yi ta gargaɗi kada a mayar da shugabanci sarautar gado.